Rigar Biko

Ni tela ne, kuma telan mata, wanda a wajen mazan unguwarmu bai fi namijin da ya ɓata hanya ya faɗa madafi ba. Shagona yana Limawa, cikin Dutse, ɗan ƙuƙut ne, idan na miƙe ƙafa sai yatsuna su gaisa da masu wucewa. Bokona ya tsaya a aji uku na firamare. Malamin lissafi ya jefo mini tambaya, na ce ina jin fitsari, har yau ban koma ba. Lambobin jikin tef kawai nake iya karantawa, su ma in sun yi nisa sai na haɗa da addu'a.

Amma akwai wani karatu da sana'a ta koya mini. Matan aure ba sa zuwa a gwada su, don babu mijin da zai yarda wani ƙato ya zagaye matarsa da tef, ko da ƙaton irina ne mai baki kamar gonar da fara ta ci. Sai dai a aiko da tsohuwar riga ta gwaji a cikin leda, tare da sabon turmin atamfa. Rigar gwaji kuwa ba ta iya rufa wa gida asiri. Wuyan da ya yage ta baya, ba ƙusa ba ce, finciko shi aka yi. Kafaɗar da aka dirza da sabulu har launin ya koɗe a wuri guda, ba miya ce ta zuba ba. Idan na ga irin wannan riga ta zo da turmi mai tsada alhali ba Sallah ba biki, na san an yi yaji, an yi biko, maigida ya kai toshiyar baki. Sai in shafa atamfar in ce ma sha Allah, in hau kekena. Da dukan da ake yi wa matan Dutse na aurar da 'ya'yana, ba na ɓoyewa, kuma duk telan da ya ce bai san wannan kasuwa ba, ƙarya yake ko kuwa ɗinkinsa ne ba kyau.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Aujara. Mijinta manomi ne mai rumbunan gero da 'yan tumaki, mutum mai magana ɗaya, wanda in ya ce rana ta faɗi to kaji ma sai su shige akurki. Ni kaɗai nake iya tsokanarsa, saboda wasan da ke tsakanin miji da ƙanin matarsa. 'Yarsu ta fari sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwata nake ce mata. A shagona ta yi rabin ƙuruciyarta duk lokacin hutu, tana tsintar ƙyallaye tana haɗa wa 'yar tsana kaya. Tun a lokacin idonta ya fi nawa sanin launin da zai zauna kusa da wani.

Ta yi aure da son ranta. Ango ma'aikacin ofis ne, gidansa a Takur, mai ƙofar ƙarfe da fulawa a bakin katanga. Sahun gaba a masallaci, murya kamar ana zuba man shanu a tuwo mai zafi. Ni da kaina na taka rawa a bikin har hulata ta faɗi. Kuma Allah ya ba shi wata baiwa da ban taɓa gani a wajen namiji ba: ya san atamfa. Yana taɓawa da yatsa biyu zai faɗa maka ta gaske ce ko ta roba.

Ba a rufa shekara ba turmin farko ya iso shagona.

Da tafiya ta yi tafiya sai na gane mutumin yana da farashi kamar mai tebur a kasuwa. Mari, ƙaramar atamfa. Idan ido ya kumbura, sai a ɗan hau sama. Ranar da ya murɗe mata hannu har aka kai ta wajen mai ɗori, Holan ya sayo, ruwan ganye da zanen tsuntsaye. Ranar da kunnenta na hagu ya daina ji, atamfar sufa ce, mai ruwan goro, wadda duk Takur ba mai irinta. Kowane karo hanyar ɗaya ce. Ta tafi Aujara da kuka, ya bi ta da turmi da goro da wani baffansa mai farin gemu, a zauna a zauren uban, a kira ta ta durƙusa a bakin ƙofa. Uban ya ce mace ai haƙuri aka san ta da shi, wanda ya dake ki kuma ya biyo ki da turmi ai yana son ki, wasu dukan suke sha a koma da su ko ƙyalle babu. A shafa fatiha, a sa ta a mota. Bayan kwana biyu leda ta iso gare ni, da saƙon cewa hannun ya zama dogo har wuyan hannu, wuyan rigar kuma a ɗaga shi sama. Na ƙware a wannan ɗinki har ana yabona.

Mata kuwa, idan ta shiga gidan suna da sabon ɗinki, sai su kewaye ta suna shafawa. Da kunnena na ji wata a bakin shagona tana cewa, “Allah ka ba mu mai dukanmu da Holan. Nawa dukan yake yi ya ce in kawo masa ruwa.” Aka bushe da dariya. Ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi.

Dukan ƙarshe a kan karin guga ne. Ta goge masa wando karin ya fito biyu. Tana da ciki ya fara fitowa, ya sa ƙafa. Kwananta nawa a asibiti ban riƙe ba, amma ta fito ba cikin. Ba ta nufi Aujara ba, don uban ya riga ya rantse cewa in ta ƙara zuwa masa da yaji da ƙafarsa zai mayar da ita. Sai ga ta a ƙofar gidana a cikin adaidaita sahu, a naɗe kamar tabarma, da wani ƙaton akwati. Na ce mata, “Uwata, ke da ba kya iya tsayuwa, me ya haɗa ki da akwati? Mace ko kabari za ta sai ta ce a miƙo mata kayanta.” Ba ta yi dariya ba. Matata ta harare ni, ta kama ta suka shige.

Ana cikin jinya saƙo ya zo daga Aujara: ranar Juma'a bayan an sauko, za a zauna, in kawo ta. Kashegari kuma ga angon da kansa a shagona, yana ƙamshin turare, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya buɗe leda. Leshi ne fari mai duwatsu, yana ɗaukar ido, irin wanda sai matan manya. Ya ce sharrin Shaiɗan ne, ya ce shi ma ɗansa ya rasa, har ya share ido. Yana so a ɗinka kafin Juma'a, a ciki za ta koma ɗakinta.

“Kawu, a saki cikin rigar kaɗan,” in ji shi. “Wajen bai gama warkewa ba.”

Na ce masa ai ba a taɓa samun mai tausayi irinsa ba. Ya ji daɗi, ya yi godiya.

Da na kai mata leshin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in sayo mata alawayyo, yadi mai yawa. Na ce alawayyo ai kayan likkafani ne, ko ta manta.

“Ban manta ba, Kawu. Ka yi mini shi da wuya da hannu, tun ina iya sa wa da kaina.”

Ta buɗe akwatin. Babu komai a ciki sai ɗinkunan biko, tun daga na farko, a ninke, kowanne aikin hannuna. Ta bayyana mini abin da take so kamar mai ba da ɗinkin Sallah. Doguwar riga fara har ƙasa, mai rufe ko'ina. A kanta za a ɗora yanki daga kowace atamfa, kuma kowane yanki zai zauna daidai inda aka daka aka sayo shi. Ba a so a kalmashe baki, a bar shi yana zare. A ɗinka da jan zare mai kauri, ta waje, manyan taku, irin yadda aka ɗinke mata gira a asibiti.

Na ce in dai ƙyalle ne, ina da buhu. Wane tela ne ba ya ɓoye ragowar yadi? Rabin matasan kai na gidana da atamfar mutane aka yi su. Ta ce ba ta son ragowa, daga jikin rigunan za a yanka, kuma a gurbin da abin ya faru. Na ce wannan ɓarna ce, sufa guda za a huda. Ta miƙo mini almakashi.

Ta sa farar rigar a tsakar gida, matata na riƙe da ita, ni ina zagayawa da alli. Tana nunawa ina shatawa. Nan dantse, Holan mai tsuntsaye. Nan haƙarƙari, shuɗiyar nan ta damina. Nan ƙeya. Nan gadon baya, wayar wuta ce, don haka a yanka siriri dogo. Da farko ina ta zuba, ina cewa wannan mutum da gona aka ba shi da ya yi noma, don bai bar ko kunya guda ba shuka ba. Ta ce cinya, na shata. Ta ce ɗaya cinyar. Ta ce ƙirji, nan matata ta karɓi allin. Wajen da wuri ya ƙare sai da muka ɗora wani yanki a kan wani, a nan bakina ya mutu. Sufar kunne kuwa, muka yi ɗankwali fari muka liƙa ta a gefen hagu. Leshin kuwa, sabo fil ko ruwa bai gani ba, ta yanko da'ira daga tsakiyarsa da hannunta, ta ɗora a mara.

Ban taɓa ɗinki mai muni irin wannan ba, kuma ban taɓa yin wanda ya zauna a jiki kamarsa ba.

Ranar Juma'a muka shiga motar Aujara, ta rufa da babban hijabi har ƙasa. Zauren ya cika: uban a kan buzunsa, angon da baffansa mai farin gemu, limamin unguwa, da maƙwabta biyu da ba a gayyata ba amma sun ji ƙamshin goro. Mata suna bayan zana suna leƙe. Aka yi addu'a, baffan ya yi jawabinsa na kullum, har na iya shi da ka: harshe da haƙori ma suna saɓawa. Uban ya ce a kira ta. Angon ya gyara zama, yana jiran ya ga leshinsa.

Ta shigo, ba ta durƙusa a bakin ƙofa ba. Ta tako tsakiya, ta cire hijabin ta ninke.

Babu inda fatarta ta fito, daga wuya har idon sawu. Amma duk mazan nan sai suka kau da kai kamar tsirara ta shigo. Baffan ne ya fara samun baki, ya ce wannan wace irin shigar mahaukata ce, ko aljanu ne suka taɓa ta. Na ce masa ni dai ɗinki aka ba ni, ban san kan atamfa ba, amma ga ɗansa nan gwani ne, ya faɗa mana sunan kowacce da inda ya sayo. Angon ya kafa wa tabarma ido.

A bayan zana kuwa ba a buƙaci tafinta ba. Mace tana iya manta ranar da ta haihu, amma ba ta manta atamfar da wata ta sa. Sai muka fara jin ƙus-ƙus: ga ta sunan gidan liman, ga ta bikin kaka, wannan ai ita ce muka ce a ara mana. Duk sun shafa su, duk sun yaba.

Yarinyar ta ɗora yatsa a gefen kanta. “Baba, wannan ta kunne ce. Ka ce in yi haƙuri, na yi.” Ta sauko dantse. “Wannan ta hannu ce, na yi.” Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba kuka, ba ɗaga murya, kamar mai nuna lefe. Da ta zo kan leshin sai ta dafa shi da tafin hannu. “Wannan jikanka ne. Saura fari kaɗan ya rage a rigar, Baba. In ka mayar da ni, ba sai ka sayi likkafani ba, a cike sauran kawai.”

Uban ya kumbura kamar kwaɗo. Kaina ya fara juyowa, ya ce tsohon banza, ɗan daudun keke, ni na kitsa wannan don in kunyata shi a gaban surukai. Na ce maigida, ni da ko sunana ba na iya rubutawa, ina na ga dabarar. Ya juya kanta ya ce ta mayar da hijabi ta wuce mota, shi ba a yi masa bori a zaure, uwarta shekara nawa a gidan nan, wa ya taɓa jin bakinta.

Bai rufe baki ba aka ɗaga zanar. Yayata ce, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka zauren nan da maza a ciki ba. Tana riƙe da wata tsohuwar riga da ta sha ƙasan adaka, ja mai zanen ganyen rogo. Na gane ta nan take, don hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ɗinkina ne na farko-farko, ina yaron shago, kuma ni duk zamanin nan a kayan Sallah na ɗauke ta. Ta sa haƙori a bakin rigar ta yage, ta ɗora yankin a muƙamuƙinta na dama, wajen da ba ta da turamen haƙora tun muna da sauran ƙarfi, wanda ake cewa ciwon haƙori ne ya cinye. Ta tsaya kusa da 'yarta a haka.

Liman ya tuna yana da ɗaurin aure a wani ƙauye. Maƙwabtan suka bi shi, ba su manta da goron ba. Baffan ya ja ɗansa suka fita, takalmin angon ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Da uban ya yi magana, ba da kowa ya haɗa ido ba. Ya ce ba za ta koma Takur ba, tunda ta zubar masa da mutuncin da zai mayar da ita da shi. Amma kuma ba za ta kwana a gidansa ba. Wanda ya ɗinka rigar ya ɗauki mai rigar.

Haka na dawo Dutse da ita. Angon ya ja maganar saki har gaban alƙali, kuma cikin abin da ya nema har da a mayar masa da suturar da ya yi mata, duka. Na ce wannan gaskiyarsa ce. Na goge su da kaina, na ninke, na kai masa akwatin har ƙofar gida, kowace riga da tagarta. An ce ya buɗe a gaban abokansa.

Yanzu tana zaune a gidana, na sa mata keke a gefen nawa, shagon ya ƙara matsewa. Idan za ka yi mata magana sai ka zagayo ta dama. Labarin rigar ya bi gidajen biki, mata suka fara zuwa da ledoji a ƙarƙashin hijabi, su wuce ni su je wajenta. Wata yanki ɗaya take so a ɗora mata a kafaɗar rigar unguwa da jan zare, wata uku. Akwai sunan da aka yi a Takur, mata wajen rabin tsakar gida suka zo da jan zare a jiki, mazan da ke rumfar waje suka kasa cin waina. Akwai kuma 'yan mata da suke zuwa su ce a yi musu irin mai facin nan da ake yayi, ko marin sauro ba su taɓa sha ba. Waɗannan rabona ne, ina karɓa in ɗinka, har in ƙara musu dutse. Wasu mazan sun hana a kawo mini ɗinki, wasu kuma sun yi wayo, sun koma biko da waya ko kuɗin cefane, abin da ba a iya yankawa a liƙa.

Ba a yi wata guda da zaman Aujara ba, direban motar garin ya tsaya a bakin shagona ya miƙo leda, ya ce daga gidan yayata, in ji maigidan. Na buɗe. Turmi ne sabo, Holan ta gaske, mutumin da ko a bikin 'yarsa bai sayi irinta ba. A ƙarƙashi ga rigar gwajin yayata, wuyan a yage ta baya. Direban ya ce an ce hannun ya zama dogo.

Yarinyar tana kan kekenta, kunnen hagu ne a wajena, ba ta ji abin da ya ce ba. Na tura ledar ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sai ta tsayar da keken, ta ce, “Kawu, miƙo. Na ga rigar Inna.”